Mol mai lambar yabo da kasuwar da ake ciniki: me alƙalan gini suke dubawa, me ɗan kasuwar Legas yake dubawa?

Duk lokacin da aka ce za a rushe wata kasuwa a Legas a sake gina ta, abin da yake fara yawo a guruf-guruf ɗin WhatsApp na 'yan kasuwa shine hoton da aka haɗa da kwamfuta, gini hawa uku ko huɗu, gilas ta ko'ina, fitilu kala-kala, wajen fakin fes ko leda ɗaya babu, a ƙasa kuma a rubuta wai kamfanin da ya zana shi ya taɓa cin lambar yabo ta duniya. Daga nan sai musu ya kaure. Wasu su ce ai ci gaba ne ya zo mu ma mu huta da taɓo da gobara, wasu su ce korar talaka ce kawai aka yi wa kwalliya. Daga Mile 12 zuwa Agege, daga Idi-Araba zuwa Alaba Rago, mutanenmu da yawa abincinsu a kasuwa yake, to ya kamata a san waye yake ba da wannan lambar yabon, me yake dubawa kafin ya bayar, kuma mene ne haɗinta da cinikin da mutum zai yi ko ba zai yi ba idan ya kama shago a ciki.

Su waye suke da hannu a ginin

Mutum uku ne a gaba, kuma galibi ana haɗa su a kira su duka injiniya. Na farko akitek, shine mai zana ginin, shi yake yanke inda ƙofa za ta kalla, faɗin layi, tsayin rufi, inda iska da haske za su shigo. A Najeriya hukumar ARCON ce take yi musu rajista. Na biyu mai tsara cikin shago, aikinsa fitila, kanta, kalar bango, inda za a rataye kaya da hanyar da kwastoma zai bi daga ƙofa har wajen biyan kuɗi. Na uku kuma dibelofa, wato mai kuɗin ko wanda ya ciyo bashin banki aka yi ginin, shi yake sa farashin shago. Lambar yabo hannun na farko da na biyu take zuwa, amma hayar da za ka biya na ukun ne yake yanke ta, kuma a nan yawancin ruɗanin yake.

Su ma gine-ginen ba ɗaya ba ne. Mol gini ne rufaffe mai mai shi ɗaya, da esi, da masu gadi, shaguna duk haya suke biya da kuɗin hidima wato sabis caj, farashi a rubuce babu tayi. Plaza irin waɗanda suka cika Balogun da Trade Fair da Computer Village bene ne mai ƙananan shaguna jere, kowa da janaretansa ko layin wutarsa. Kasuwa kuma ita ce wadda muka sani, rumfa da tebur da masu kasa kaya a ƙasa, 'yan dako da masu baro, a taya a ce albarka a ƙara a sallama. Abin da gwamnati take kira kasuwar zamani yawanci plaza ce aka ɗan sa mata kayan mol, sannan aka ce mutanen kasuwa su shiga.

Lambobin yabon ba nauyinsu ɗaya ba

Akwai Prix Versailles da aka fara a 2015, ana sanar da ita a hedikwatar UNESCO da ke Paris, tana da rukunin shaguna da na manyan wuraren sayayya, kuma tana ware kyauta ta musamman ga kyan waje da kuma ta tsarin ciki. Akwai World Architecture Festival da aka fara a Barcelona a 2008, a can kamfani ne yake biyan kuɗin shiga gasa ya tura aikinsa, idan ya kai zagayen ƙarshe akitek ɗin ya tsaya gaban alƙalai ya yi bayani da hotuna. Ƙungiyar masu mol-mol ta ICSC da aka kafa a Amurka a 1957 ita ma tana da nata. Bayan waɗannan akwai wasu birjik na mujallu da kamfanonin shirya taro, wasu kam indai ka biya kuɗin fom da na tebur a wajen dina da wuya ka dawo hannu rabbana.

Abin lura a mafi yawansu shine alƙalan hoto da zane da bayanin mai aikin suke gani, hoton ma an ɗauke shi ne sati-satin da aka gama gini, kafin damina ta taɓa bango, kafin lif ya lalace, kafin a san ko shagunan sama za su samu masu haya. Wannan ba ya nufin aikin ba shi da kyau, yana nufin dai tambayar da aka yi musu ita suka amsa: shin ginin yana da sabuwar fikira, ya dace da wurin, ya burge ido? Babu wanda ya tambaye su nawa mai sayar da atamfa a hawa na biyu yake yi a rana.

Kyautar Aga Khan ta sha bamban. An kafa ta a 1977, duk shekara uku ake bayarwa, kuɗinta dala miliyan 1, kuma ba a kallon gini sai an gama shi an yi aƙalla shekara guda ana amfani da shi, sannan a tura ƙwararre ya je da ƙafarsa ya duba ya ji ta bakin masu amfani da wurin. Ita ce kyautar da masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar ya samu a 1986, ginin ƙasa na magini Falke Barmu. Saboda haka idan an ce maka kamfani ya ci lambar yabo, tambayar farko ita ce wacce, kuma a kan wane gini, don sau da yawa otal ko ofis ne ya ci ba kasuwa ba.

Inda tsarin mol ya samo asali

Mol rufaffe mai esi irin wanda muke gani yau ya fara ne da Southdale Center a jihar Minnesota ta Amurka a 1956. Victor Gruen ne ya zana shi, mutumin Vienna da ya yi hijira zuwa Amurka. Garin akwai sanyi mai tsanani, mutanen kuma kowa da motarsa, to rufe gini a kewaye shi da filin fakin ya yi daidai da rayuwarsu. Shi Gruen burinsa wurin ya zama dandalin unguwa har da gidaje da makaranta da asibiti a kewaye, masu kuɗin suka ɗauki shagunan da fakin suka bar sauran, har a 1978 ya fito fili ya nesanta kansa da abin da mol ya koma.

Dabarun da aka gada daga wancan lokacin suna nan har yau, duk wanda ya shiga Ikeja City Mall ko The Palms zai iya lura. Babban kanti mai jan jama'a ana sa shi can ƙurya, yadda kafin ka kai wajen burodi da shinkafa sai ka wuce masu waya da masu turare da masu takalma. Irin wannan babban kantin hayarsa a kan kowace murabba'in mita ta fi ta kowa sauƙi saboda shi yake kawo mutane, ƙananan shagunan ne suke ɗaukar nauyin. Sinima da wajen cin abinci ana tura su sama ko ƙarshen layi don ƙafa ta taka ko'ina. Tagogi kaɗan ne, agogo da wuya ka gani, ƙasa santsi, sanyi daidai, duk don mutum ya daɗe, wanda ya daɗe kuwa zai sayi abin da bai fito saye ba. A cikin shago kayan da ake so su tafi ana jera su daidai ido, ƙananan abubuwa irin su cingam da alewa kusa da mai karɓar kuɗi, fitila mai ɗan ja-ja a kan gwal da burodi, fara tas a kan kayan wuta.

Dabarun ba baƙi ba ne gaba ɗaya a wajenmu. Mai tireda da yake rataye abin da ya fi tafiya a gaba, da mai shadda da yake buɗe ƙyalle ya fito da shi bakin ƙofa don kwastoma ya ga shining ɗin a hasken rana, aikin mai tsara shago suke yi ba tare da takarda ba. Kasuwar Kurmi da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15 layi-layi take, kowace sana'a da ɓangarenta, kuma tsarin da mol yake bi kenan wajen haɗa masu abinci waje ɗaya.

Yadda abin ya shigo Legas, da inda kuɗin yake tafiya

The Palms da ke Lekki aka buɗe a ƙarshen 2005, a nan Shoprite ya fara a Najeriya. Ikeja City Mall ya biyo a Disamba 2011 a Alausa, Novare a Sangotedo a 2016, a Arewa kuma Ado Bayero Mall a Kano a 2014 da Jabi Lake Mall a Abuja a 2015. Yawancinsu samfurin Afirka ta Kudu ne, dogon gini mai faɗi da babban kanti a ƙurya.

Guda biyu ne masu harkar zane suka fi yawan ambato idan ana maganar Legas. Alara da ke Victoria Island, kantin kayan ƙawa na Reni Folawiyo wanda David Adjaye ya zana aka buɗe a 2015, fuskar ginin an yi mata ado mai kusurwa-kusurwa da aka ɗauko daga zanen yadin adire na Yarbawa, ciki kuma fili ne mai tsayi da kaya kaɗan-kaɗan a baje kamar gidan tarihi. Sai Maryland Mall a kan Ikorodu Road na 2016, baƙin akwatin nan mai ƙaton allon talla, aikin Tosin Oshinowo, wadda ita ce kuma ta zana sabon ƙauyen Ngarannam a Borno da aka gina wa waɗanda Boko Haram ta raba da gidajensu. Filin Maryland ƙarami ne a tsakiyar cunkoso, sai aka yi sama da ginin aka kai fakin ƙarƙashin ƙasa, allon tallan kuma ya zama wata hanyar samun kuɗi bayan haya. Wannan zane ne da ya duba halin da Legas take ciki, amma dai duka biyun masu kuɗi da matsakaita aka yi wa.

Matsalar mol a nan ba ta zane ba ce kaɗai, ta lissafi ce. Manyan an gina su ne da kuɗin masu zuba jari na waje ko bashin dala, shi ya sa hayar da yawansu take ɗaure da dala alhali mai shago naira yake karɓa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Gini rufaffe kuma ba ya rayuwa minti talatin babu esi a zafin Legas, to ko wutar NEPA ko dizal, kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato layin da ya fi samun wuta, daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Duk wannan sabis caj yake shiga, daga sabis caj ya shiga farashin kaya. Tun kafin nan ma kantin Woolworths na Afirka ta Kudu ya fice daga Najeriya a 2013, kantin tufafi na Mr Price a 2020, kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu ya sayar da harkarsa ga 'yan Najeriya a 2021, reshen Kano kuma aka rufe shi a Janairun 2024. Gilas ɗin da yake sa gini ya yi kyau a hoto shine dai yake tara zafi ya ƙara wa janareta aiki, kuma idan babban kantin ya tashi ƙananan da suka dogara da jama'arsa su ne suke fara ji a jikinsu.

Kasuwannin da aka sake ginawa

Nan ne abin ya fi shafar mutanenmu. Tejuosho da ke Yaba ta ƙone a Disamba 2007, aka sake gina ta bene mai hawa-hawa da fakin da lif da kayan kashe gobara, da kuɗin 'yan kasuwa masu zaman kansu da banki, aka buɗe a 2014 zamanin gwamna Fashola. Ginin ya fi tsohon tsafta da tsaro nesa ba kusa ba, wannan babu musu. Amma tsofaffin 'yan kasuwar da dama sun koka cewa kuɗin shagon ya fi ƙarfinsu, shekaru bakwai kuma ba kwana bakwai ba ne, kafin a gama wasu sun watse wasu jarin ya karye, da yawa suka koma bakin titi da gefen layin dogo suna kasa gwanjo, shaguna a sama kuma suka daɗe a kulle. Sabuwar kasuwar Oyingbo an ƙaddamar da ita a 2015, ita ma an daɗe ana ganin masu kayan miya a bakin titi ga ginin a tsaye. A Oshodi an rushe kasuwar Owonifari a Janairun 2016 aka ce 'yan kasuwar su koma kasuwar Isopakodowo, wurin kuma ya zama tashar motocin zamani da aka buɗe a 2019.

Me yasa ɗan kasuwa zai ƙi shago mai tayil ya zauna a rana? Ba ƙauyanci ba ne, lissafi ne shima. A duba yadda tumatir yake shigowa Mile 12: tirela ta taso daga Kano ko Katsina ko Jos ta kwana biyu ko uku a hanya, ta iso da asuba, 'yan dako su hau su riƙa miƙo kwando ɗaya bayan ɗaya, dillali yana tsaye da littafinsa, mata masu sari sun kewaye suna ɗaga ganyen da aka rufe bakin kwandon suna duba ko na ƙasa ya fara ruwa, kafin hantsi rabin motar ta tafi a kan baro da keke da ƙananan motoci. Wannan cinikin yana buƙatar fili a ƙasa da tirela za ta juya, inuwa mai iska don kayan kada su dahu, ƙasa mai gangara da ruwan wanki zai bi ya fita, da wajen zuba ruɓaɓɓe da motar shara za ta iya kaiwa gare shi. Ka ɗauki wannan ka kai hawa na biyu, kowane kwando sai an ƙara kuɗin dako, lif kuma ba don kwandon da yake ɗiga aka yi shi ba. Albasa ma ba ta son ɗaki rufaffe, iska take so, idan ba haka ba ta tsiro ko ta ruɓe.

Ko mai kayan da ba sa lalacewa, kwastoman Legas a kan hanya yake saye, ya sauko daga danfo ya gani ya taya ya wuce. Ba zai hau mataki arba'in don hula ko carbi ko silifas ba. Shi ya sa a kowace plaza hayar ƙasa ta fi ta sama tsada, na saman kuma yawanci sito suke komawa, mai shagon ya ajiye yaro a bakin get yana jawo kwastoma. Mol yana magance wannan da sinima da wajen abinci a sama da matakala mai tafiya da kanta. Kasuwar gwamnati ba ta da abin da zai ja mutum sama, kuma ranar da lif ya tsaya ba lallai a samu mai gyara ba.

Inda yabo da ciniki suka haɗu

Akwai misalai a nan Afirka da suke nuna abin yana yiwuwa. Babbar kasuwar Koudougou a Burkina Faso ta ci kyautar Aga Khan a 2007. Da bulon ƙasa da ake matsewa da inji aka gina ta, ƙasar kuma a nan yankin aka haƙo, rufin baka-baka ne irin na soro, shaguna sama da 1,000 duk a ƙasa babu bene. Kafin a fara sai da aka gina shago guda na gwaji daidai girmansa kowa ya gani aka gyara abin da za a gyara, 'yan kasuwar suna cikin masu shawara, magina kuma 'yan garin ne, kuɗin aikin ya zauna a garin.

A Dandaji, ƙauyen Hausawa a jihar Tawa, Mariam Issoufou ta zana kasuwa da aka gama a 2018. Akwai tsohuwar bishiya da ake cin kasuwar mako a gindinta, ba a sare ta ba, aka kewaye ta da rumfunan bulon ƙasa, aka yi inuwa da faya-fayan ƙarfe masu launi a kan sanduna, wasu sama wasu ƙasa yadda iska za ta ratsa. Babu esi babu lif, kuma hotunanta sun zaga mujallun gine-gine na duniya.

A ɓangaren manyan gine-gine akwai Eastgate a Harare na 1996, wanda Mick Pearce ya zana yana koyi da yadda suri yake daidaita zafinsa, ginin yana shan iskar dare mai sanyi ya riƙe ta a jikin kankare ya sake ta da rana. Lideta Mercato a Addis Ababa kuma an fara tunaninsa a matsayin mol irin na gilas, akitek ɗin Xavier Vilalta ya juya shi ya zama kasuwa mai hawa da ƙananan shaguna, bangon waje duk huda-huda da ado irin na tufafin Habasha, haske da iska suna shiga zafin rana ba ya shiga kai tsaye, ya samu kyautar Prix Versailles ta kyan waje a 2017.

Sai dai a yi adalci, ba a kwafo waɗannan a dire a Legas haka nan. Harare da Addis Ababa a kan tudu suke, darensu da sanyi, Legas kuwa daren ma gumi ake yi saboda laima. Bulon ƙasa da ya zauna lafiya a Tawa, a nan sai an ɗaga tushe sosai an yi rufi mai faɗin baki saboda ruwan sama da ambaliya. Kuma fili a Koudougou ba kuɗinsa ɗaya da fili a Yaba ko Isale Eko ba, wannan ita ce babbar hujjar masu yin bene. Abin da ake iya ɗauka shine hanyar aikin, wato a fara da kallon yadda ake cinikin sannan a zana, da kuma dogon rufi da iska mai ratsawa maimakon dogaro da janareta.

Hujjar kowane ɓangare

Gwamnatin Legas tana cewa tsofaffin kasuwannin haɗari ne, kuma tana da abin nunawa. Gobara a Balogun kusan ta zama ta shekara-shekara, ta Dosunmu a Afrilun 2024 ta ci gine-gine da dama, gidajen kwana ne aka mayar sito, janareta da jarkar fetur a saman bene, layi ya matse motar kashe gobara ba ta iya shiga. Ga toshe magudanar ruwa da shara da cin titi, a kan haka aka rufe Mile 12 da Ladipo da Oyingbo na wasu kwanaki a 2023.

Dibelofa yana cewa siminti da rodi da ruwan bashin banki ba sa jin tausayi, idan ya gina shago ƙasa kawai ba zai mayar da kuɗinsa ba, dole ya yi sama ya kuma sayar da tsada. Ta fuskar lissafinsa gaskiya ne. Amma daga nan ake gane cewa duk kasuwar da aka ba ɗan kasuwa mai zaman kansa ya gina ya ci riba na shekaru kafin ya mayar wa gwamnati, farashinta zai bi bashin ne ba ƙarfin tsohon mai tebur ba, ko da wane gwanin ne ya zana ta.

'Yan kasuwa kuma ba baki ɗaya suke magana ba. Manyan dillalai masu jari da yawansu suna son sabon gini saboda takardar mallaka da tsaro da inshora. Masu tebur da masu kasa kaya da 'yan dako da masu wankin kai da masu shayi su ne suke tsoro, saboda sunansu ba ya cikin rajistar masu shago tun asali, to ranar rabo babu su. Ga 'yan Arewa akwai ƙarin damuwa, wasu kasuwannin, kamar yadda Alaba Rago ta kasance, ba wajen ciniki kaɗai ba ne, nan ne masauki da masallaci da inda baƙo yake sauka ranar da ya fara zuwa Ikko, shi ya sa duk sanarwar tashi take tayar da hankali fiye da batun shago.

Su kuma masu zane da yawa suna cewa umarnin da aka ba su suke bi, idan mai aiki ya ce shago kaza yake so a fili kaza ba su da yadda za su yi. Wannan rabin gaskiya ne, tunda misalin Addis Ababa ya nuna akitek yana iya canza ra'ayin mai kuɗi idan ya zo da lissafin da ya nuna za a rage kashe kuɗin wuta.

Abin da zai biyo baya ga mai saye da mai sayarwa

Tun bayan rikicin ƙabilanci da aka yi a Mile 12 a Maris 2016 gwamnati ta yi maganar mayar da kasuwar zuwa Imota ta wajen Ikorodu, a 2022 kuma aka fara gina babbar cibiyar ajiya da rarraba abinci a yankin Epe, an kuma buɗe ƙaramar cibiyar kayan gwari a Idi-Oro da ke Mushin a Disamba 2023. Alƙiblar a bayyane take, sarin kayan abinci ana so ya koma bayan gari cikin gine-gine masu ɗakin sanyi, cikin gari kuma a bar ƙananan cibiyoyi. Idan ɗakin sanyin ya yi aiki asarar tumatir da tattasai za ta ragu, wannan riba ce ga manomi a Kadawa da mai miya a Mushin. Idan kuma nisa ya ƙara kuɗin mota, ko kuɗin wuta ya hau kan kowane kwando, mai saye ne zai biya, kuma aikin 'yan dako zai ragu a duk inda injin ɗaga kaya ya shiga.

Lokacin da shugabannin kasuwa suke da ta cewa shine kafin a amince da zane a hukumar LASPPPA mai ba da izinin gini a Legas, ba ranar yanke kyalle ba, don bayan an zuba kankare babu mai matsar da ginshiƙi. Abubuwan da za a nema a gani a takarda sanannu ne: kaso nawa na wuraren ciniki ne a ƙasa kuma su waye za su samu, tebur nawa aka ware wa masu ƙaramin jari kuma nawa ne kuɗinsa a wata, ta ina tirela za ta shiga ta fita, faɗin layi ya isa baro biyu su gifta kuma motar kashe gobara ta shiga, ina tankin ruwa, ginin zai zaunu idan babu wuta, ina za a zauna a ci gaba da ciniki kafin a gama, kuma wa zai riƙa gyara bayan an buɗe. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar keken guragu, wa'adin ya cika a 2024, to neman gangara maimakon mataki zalla haƙƙi ne na doka, kuma gangarar nan ita ce dai mai baro zai bi da buhu. Masallaci da wajen alwala da banɗaki ma a nemi a nuna su a cikin zanen da girmansu, saboda idan ba a zana su ba ƙarshenta a ƙarƙashin matakala ko a wajen fakin ake shimfiɗa tabarma, daga baya kuma hukumar kasuwa ta ce an tare hanya.